Kumatun Lamba Tara

Ko na manta da komai na aikin nan, ba zan manta da safiyar da idona ya fara sauka a kan ɗan kofin nan ba. Litinin ce, makona na farko, cikin watan Satumba. Na hau bene na uku da tarin makullai a hannu, sai na gan shi a bakin taga, tsakanin ɗaki na biyar da na shida. Ɗan ƙaramin kofin gilashi ne, ruwa rabi, an tsoma wasu siraran kara guda biyu a ciki, kowanne bai kai tsawon yatsa ba. Ɗaya an ɗiga masa jar tawada a gindi, ɗaya shuɗiya. Sun jingina da juna. Na tsaya ina kallo har makullan suka yi mini nauyi, na ce a raina, Fulera, akwai magana a gidan nan.

Ku da kuka zo aiki bayana kun san ginin, amma bari in yi bayani saboda 'yan uwa da ba su taɓa shiga ba. Ƙungiyar makaɗa ce irin ta Turawa, wadda ake kira okestira, a Manhattan, nan Amurka. Ƙasa zauren wasa ne, sama kuma makaranta, inda makaɗan suke koyar da ɗalibai. Muƙamina shi ne mai kula da ɗakuna. Makullai suna hannuna, littafin da ake rubuta wanda zai shiga kowane ɗaki yana hannuna, ranar jarrabawar ɗaukar sabon makaɗi kuma ni ce mai rakiya. A samana akwai manajan ma'aikata, Mista Pita, mutumin da ko atishawa zai yi sai ya duba ko doka ta yarda.

Ni kuwa a zangon Kumasi na tashi, kuma littattafan soyayya da ake kawowa daga Kano su suka raine ni. Har na zo ƙasar nan ban warke ba. Sau biyu jirgin ƙasa mai lamba huɗu yana wucewa da ni tashar da nake sauka a Morris Heights saboda jaruma tana tsakiyar kuka. To mai irin wannan karatu ba ta ganin kara biyu a kofi ɗaya ta wuce.

Karan nan na kilarinet ne. Kilarinet baƙar sarewa ce ta katako, jikinta duk maɓallan azurfa, kuma ba ta yin murya sai an ɗaura mata ɗan karan nan a baki. Shi kuma sai ya jiƙa yake aiki. Mai jar tawada na Madam Irena ne, mai shuɗiya na Mista Lamar.

Madam Irena ce mai kujera ta farko a sahun masu busa kilarinet. Daga wata ƙasa mai sanyi ta gabashin Turai ta fito. Mahaifinta mabushin soja ne, kuma ta ce malaminta na farko sai da ya shekara bai bar ta ta busa waƙa ba, sauti ɗaya tak za ta ja har numfashi ya ƙare. Haka ita ma take koyarwa. A ɗakinta akwai babban madubi da wani ɗan agogo mai ƙirga lokaci, tak, tak, tak. Ɗalibi zai tsaya gaban madubi, haɓa a miƙe, kafaɗa a sauke, kumatu a lafe. Kumatun nan musamman. Da ta ga kuncin ɗalibi ya ɗan tasa, sai ta taɓa shi da gindin fensir ta ce, “Ba kwaɗo nake koyarwa ba.” Yabonta mafi girma shi ne “ba laifi”. Na taɓa ganin ƙato mai gemu ya fito daga ɗakinta yana share hawayen murna saboda ba laifin nan.

Mista Lamar shi ne mai kujera ta biyu. Baƙar fata ne daga kudancin ƙasar nan, garin da ake raka gawa da busa, a tafi da kiɗan kuka a dawo da na rawa. A bayan irin wannan jerin ya koyi busa tun kafin ya san ana rubuta kiɗa a takarda. Ɗakinsa babu madubi, ya ce ya riga ya san kamanninsa. Yakan karɓe kilarinet ɗin ɗalibi ya ajiye, ya ce a rera masa da baki tukuna. In an rera, sai ya ce a yi tafiya da waƙar. Sai ka ga ɗalibi yana zagaya ɗaki yana rerawa, malam yana biye da shi yana tafi. Tambayarsa kullum ɗaya ce: “Wa kake gaya wa wannan maganar?”

Mutanen nan biyu a kan dandamali kujerunsu a manne suke. Tare suke jan numfashi, tare suke saki. Amma shekara goma sha ɗaya ke nan ba su ce wa juna uffan ba, tun da wani ɗalibin Madam ya gudu ɗaki na shida, wato ɗakin Mista Lamar. Daga nan kowa ya kafa doka: duk wanda ya taka ɗakin ɗan uwansa, to ya gama da shi. Kowannensu yakan buɗe littafina ya bi sunaye da yatsa, yana neman maci amana. Saƙo kuwa ta bakina yake bi.

Madam za ta ce, “Fulera, gaya wa maƙwabcina ɗalibinsa na jiya kukan akuya yake yi.”

Shi kuma ya ce, “Gaya mata akuyar tana da rai, ba kamar agogonta ba.”

Ni da na san yadda ake fassara irin wannan faɗa, sai na fara gyara saƙon a hanya. Wata rana na ce masa, “Madam ta ce a gaishe ka da aiki.”

Ya ajiye kofinsa a hankali ya dube ni. “Ba ta da lafiya ne?”

A cikin shekarata ta uku Zainabu ta zo. Na ji ta a bakin matakala tana waya, tana cewa “Na'am, Baba,” sauran maganar kuma da Turanci. Na ce mata, “'Yar gidan wa?” Ta juyo da sauri kamar na kama ta da sata. Daga ranar na zama Anti Fulera. Hausa tana jin ta sarai, amma amsa sai da Turanci, sai in abin ya kai zuci ne Hausar take fitowa.

Mahaifinta, Malam Isufu, mutumin Damagaram ne. Yana sayar da huluna da lema a kusa da tashar feri, wato jirgin ruwa na fito, a St. George. Gidansu gidan busa algaita ne kaka da kakanni, amma shi ya baro, algaitarsa tana ƙasan akwati tun da ya sauka a filin jirgin sama na JFK. Bai hana 'yarsa karatun busa ba, sai dai ya gindaya mata sharaɗi. Ya ce busa mai kujera aiki ne, busa marar kujera roƙo ne, kuma roƙo ya baro a gida. In ta gama makaranta ta gwada sau ɗaya. In an ba ta kujera, madalla. In ba a ba ta ba, ta rufe akwatin kilarinet ɗinta ta bi ƙanwarsa aikin jinya. Ta amsa masa, kuma Zainabu ba ta saɓa magana.

Shekara biyu tana ɗalibar Madam. Wata Alhamis na same ta a tsaye bakin ƙofar ɗaki na shida, ta kafa kunne, Mista Lamar yana ciki yana tafi.

Ta ce da Hausa, “Anti, Madam ta gyara mini murya. Amma ban san abin da zan faɗa da ita ba.”

Ya kamata in ce mata doka doka ce. Amma a duk littafin da na karanta, in zukata biyu suka ƙi jituwa, wata yarinya ce take haɗa su. Na ga yarinyar a gabana, ga littafi, ga biro. Madam Litinin da Talata take koyarwa, Mista Lamar Alhamis da Juma'a. Na buɗe shafin Alhamis na rubuta Abu Damagaram. Ban yi ƙarya ba, a gida Abu ake ce mata, garin kuma na ubanta ne. Litinin Zainabu Isufu ta shigo ta ƙofar gaba, Alhamis Abu Damagaram ta hawo ta matakalar baya.

Shekara ɗaya da rabi muna haka. Ran Litinin Madam ta ce, “Wa ya koya miki rangaji in kina busa?” Ta ce, “Feri ne, Madam, kullum yana jijjiga ni.” Ran Alhamis Mista Lamar ya ce, “Wa ya sandarar da ke kamar soja?” Ta ce, “Haka aka raine ni.” Kowa ya ci gaba da gyara ɓarnar ɗan uwansa, yarinya kuwa sai ƙara kyau take.

Abu ɗaya ne suka haɗu a kan ƙinsa ba tare da sun sani ba. Tun tana ƙarama mahaifinta ya koya mata wani wasa: a sa ɗan bututun shan lemo a kofin ruwa, a yi ta hurawa, kumfa kada ta tsaya. Ana tara iska a kumatu, a matsa ta waje, a lokaci guda a ja sabuwa ta hanci. Da haka masu algaita suke busa ba yankewa. Ranar da ta gwada a ɗakin Madam, fensir ya sauka a kuncinta kafin ta kai ko'ina. Da ta gwada a ɗakin Mista Lamar, ya kalli kumatun ya yi dariya ya ce wannan wasan 'yan dabo ne, ta bar shi a gida. Ta bari.

Cikin watan Maris mai kujera ta uku ya yi ritaya, aka sa ranar jarrabawa. Ga yadda ake yin ta. Ana rataya baƙin labule mai kauri a tsakiyar dandamali. Alƙalai biyar suna zama a ɗaya gefen: jagoran kiɗa, Madam Irena, Mista Lamar, da wasu makaɗa biyu. Ba su san sunan kowa ba, jerin sunaye yana hannuna da na Mista Pita. Kowane mai nema yana zarar lamba daga kwando. Ana shimfiɗa kafet, kuma ana cire takalmi, don kada alƙalai su gane takun mace ko na namiji. Mai nema ba ya magana, ko gyaran murya ba ya yi. In yana da tambaya ya raɗa mini, ni in faɗa da ƙarfi. Zagayen farko ƙuri'a uku ake bukata a wuce. Zagayen ƙarshe huɗu. Wato in mutum biyu suka ƙi ka, ka ɗauki takalminka.

Madam tana jiran ta ji Zainabunta. Mista Lamar yana jiran ya ji Abunsa. Kowannensu ya sha gaya mini cewa ko a cikin mutum dubu zai gane ɗalibinsa da kunne.

Zainabu ta zari lamba tara. Muna tsaye a bayan ƙofa, takalminta a hannuna, ta raɗa mini, “Anti, yau wace ce ni? Zainabu ko Abu?”

Na ba ta shawarar da na ga jarumai suna bi in samari biyu suka zo zance rana ɗaya. Na ce, “Raba musu daidai. Rabin farko na Madam, rabin ƙarshe na Mista.”

Na shiga na ce, “Lamba tara.” Ta busa rabin farko a sandare kamar tana gaban madubi, rabin ƙarshe kuma ta sake shi yana rangaji. Ni dai na ji daɗi. Da na zagaya na karɓi ƙuri'u na miƙa wa Mista Pita, sai na leƙa na ga sakamakon. Uku sun ce e. Biyu sun ce a'a, ɗaya da jar tawada, ɗaya da shuɗiya. Malamanta biyu duk sun kayar da ita, kowa ya ji warin ɗan uwansa a jikinta. Da ƙyar ta tsallake.

Doka ta hana ni gaya wa mai nema ko ƙuri'a nawa ya samu, kuma ban faɗa ba. Fuskata ce ta faɗa. Da azahar Zainabu ta shigo ɗan ofishina ta yi salla, ta zauna a kan dardumar.

Can ta ce, “Anti, shawararki ta kusa kai ni aikin jinya.”

Na ce, “A littafi tana aiki.”

Ba ta yi dariya ba. Akwai kofin lemo a kan teburina da bututunsa. Ta ɗauka ta fara hurawa, kamar yadda mutum yake wasa da carbi in yana tunani. Kumfa tana ta tashi, ba ta tsaya ba. Ina kallo, ina jira ta tsaya, ba ta tsaya ba. Sai ta cire bakinta ta dube ni.

“Labulen nan, ana hango mutum ta cikinsa?”

“Ko inuwa.”

“Ko kumatu?”

Muka kalli juna. Na tashi na rufe ƙofa don kada Mista Pita ya ji dariyata.

Mutum uku suka rage a zagayen ƙarshe. Abin da aka ba su wata doguwar waƙa ce mai tafiya a hankali, wadda kowane mabushi yake yanka ta gida uku don ya ja numfashi. Biyun farko sun yanka ta a inda aka saba. Na ce, “Lamba tara.”

Ta tsaya ƙafa ba takalmi a kan kafet, ta rufe ido. Muryar da ta fito tas take kamar ruwan randa, wannan aikin madubi ne. Amma tana tafe tana jingina, tana lallashi, kamar mai gaya wa wani magana a kunne, wannan kuma aikin zagaya ɗaki ne. Aka zo wurin yanka na farko, sai na ga kumatunta sun cika sun sauka kamar zugazugin maƙeri, muryar ta wuce abinta. Wuri na biyu haka. Ni da nake tsaye na riƙe numfashina ina jiran ta ja nata in ja nawa, har na fara ganin duhu. A bayan labule na ji fensir ya faɗi ƙasa, babu wanda ya ɗauka. Ta kai waƙar har ƙarshe a zare ɗaya, ta sauke ta a hankali.

Ƙuri'a biyar, duka e. Mista Pita ya ƙirga sau biyu, ya sa hannu a takarda. A dokarmu, da zarar ya sa hannu magana ta ƙare, sannan ne ake buɗe suna.

Kafin ya buɗe, Madam Irena ta ce, “Ba sai ka wahala ba. Ɗalibata ce. Shekara uku da rabi na yi ina wanke wannan muryar.”

Mista Lamar ya juyo da kujerarsa gaba ɗaya ya fuskance ta. “Irena, ɗalibanki in sun yi busa mutum yakan duba agogo. Wannan tawa ce.”

“Ɗalibanka ba sa iya riƙe sauti ɗaya ba tare da sun yi masa rawa ba.”

Ina gefe riƙe da kwandon lambobi. Shekara da shekaru, yau ga su ido cikin ido, har ya kira sunanta. Suka yi sharaɗi a gaban jagoran kiɗa: wanda ya faɗi zai yi wata guda yana ɗalibi a ɗakin ɗan uwansa. Mista Pita ya ce, “Fulera, shigo da lamba tara.”

Na shigo da ita, takalminta har yanzu a hannuna.

Madam ta ce, “Zainabu.”

Mista Lamar ya ce, “Abu.”

Suka dubi yarinya, suka dubi juna, sannan su biyun suka juyo suka dubi wadda littafin ɗakuna yake hannunta. Na sunkuya na ajiye mata takalmi, na daɗe ina daidaita su.

Takarda ta riga ta sha hannu, amma akwai saura. Duk sabon makaɗi yana yin shekara guda ta gwaji, kuma mai kujera ta farko ce take cewa a riƙe shi ko a sallame shi. Kowa a wurin ya san haka. Madam ta tashi ta zo gaban Zainabu, fuskar nan babu alamar wasa.

“Na ji inda na koya miki. Na kuma ji inda wancan ya ɓata. Amma numfashin nan ba nawa ba ne.”

Mista Lamar ya ce, “Ba nawa ba ne.”

Madam ta ce, “Wa ya koya miki?”

“Babana.”

“A wace makaranta yake koyarwa?”

“Lema yake sayarwa a bakin feri.”

Madam ta ce, “Asabar, ƙarfe goma. Ke kuma,” ta nuna ni da fensir, “tunda kin iya haɗa abubuwa, ke za ki yi tafinta.”

Ran Asabar muka hau feri mu huɗu, har da Mista Lamar. Na ja Zainabu baya, na bar su biyu a bakin ƙarfe, ga ruwa, ga iska, ga tsuntsaye. Ina ta addu'a iska ta ɗauke gyalen wuyan Madam shi kuma ya cafe. Har muka tsallake gardama suke a kan yadda ake kankare kara.

Malam Isufu ya tarbe mu da mutunci, amma ya ƙi yarda cewa manyan mutane sun tsallako ruwa saboda wasan yara. Da na tabbatar masa, ya aiki Zainabu ta sayo kofi biyu na ruwa da bututu biyu, ya juya bokitai biyu suka zauna. Koyarwarsa ba madubi, ba waƙa. Ya ce, “Bon,” irin “to” ɗin mutanen Damagaram. “A hura. In kumfa ta tsaya, a sake.” Ya koma cinikinsa. Yana miƙa wa wata mata hula, ba tare da ya waiwayo ba ya ce, “Ta tsaya.” Da kunne yake ji.

Can ya zo ya tsaya a kan Madam, ya girgiza kai. “Hajiya Fulera, gaya wa Madam ta saki kumatun nan. Me take ajiye su ta yi da su?”

Na fassara yadda ya faɗa, wannan karon ban gyara komai ba. Madam Irena, wadda ta shekara arba'in tana lafe kumatun jama'a, ta cika nata da iska a bakin titi. Sai ta ja ruwan ta hanci. Ta shiga tari, Mista Lamar yana bubbuga mata baya yana dariya har da hawaye, tarin nata kuma ya juye ya zama dariya. Ban taɓa ganin haƙoranta ba sai ranar.

Da za mu tafi, Malam Isufu ya ja ni gefe. “Tambaye ta. An ba ta kujerar, ko ba a ba ta ba?”

Na tambaya. Madam ta goge fuska da hankici ta ce, “Gaya masa kujera tata ce. In shekara ta cika zan sa hannu. Amma zan riƙa zuwa duk Asabar har kumfata ta daina tsayawa.”

Na gaya masa. Ya ba kowannensu lema, ya ƙi karɓar ko sisi, ya juya yana jera hulunan da tuni a jere suke.

Sharaɗin nan kuwa jagoran kiɗa ya yanke cewa duk sun faɗi. Wata guda Mista Lamar yana tsaye gaban madubi, agogo yana masa tak, tak, tak. Wata na biyu Madam tana zagaya ɗaki na shida tana waƙa, yana bin ta da tafi. Ni kuma Mista Pita ya ba ni takardar gargaɗi mai shafi biyu, aka karɓe littafin daga hannuna aka zuba komai a kwamfuta, wadda ba ta yarda mutum ya yi suna biyu. Idan kuna jin haushin kwamfutar nan, yau kun san wadda za ku zaga.

Na yi ƙarfin hali na tambayi Madam maganar kofin. Ta ce, “Kofin makaranta ne, Fulera, famfo kuma a nan yake.” Na tambayi Mista Lamar. Ya ce nasa ne ya fashe tun da daɗewa, ya tsoma karansa a nata, ita kuma ba ta cire ba. Ba ta cire ba. Ku fassara yadda kuka ga dama, ni na riga na fassara.

Abin da na koya shi ne, malaman busa kowa yana rantsuwa zai gane ɗalibinsa a bayan labule, alhali abin da yake ganewa kansa ne kawai. Muryar mabushi ɗaya hannun mutane da yawa ne a cikinta, wasu ma ba su taɓa shiga makaranta ba. Saboda haka in aka ba ku rakiya, ku riƙe takalmin mai nema da kyau, ku faɗi lambarsa da ƙarfi, shawara kuma ku bar ta a cikin littafi.

Mista Lamar ya yi ritaya ya koma kudu, yana aiko wa Madam kara a ambulan, ita kuma tana mayar masa da sharhi da jar tawada. Zainabu ta gaji kujerarsa da ɗakinsa. Darasinta na farko ga kowane ɗalibi kofi ne da bututu.

Malam Isufu duk shekarun nan bai taɓa shiga zauren ba, ya ce ba wurinsa ba ne. Sai ranar da ta fara zama a kujera ta biyu, wata Lahadi da yamma, ya rufe tebur ya zo da babbar riga. Da aka tashi jama'a suka watse, ya ce in kai shi inda take zama. Na hau da shi dandamali na nuna masa. Ya kama kujerar da hannu biyu ya girgiza ta da ƙarfi, ya ga ba ta motsi. Ya zauna a kai, ya jingina, ya dubi zauren tun daga ƙasa har sama.

Ya ce, “Bon. Aiki ne.”